Yadda za ka gane rigimar baƙi a Faransa

Kafin ka tsoma baki a majalisar shayi ta Ƙofar Ƙaura, fara riƙe sunan RN, jam'iyyar su Marine Le Pen mai adawa da shigowar baƙi, babanta ne ya kafa ta a 1972, ita kuma ta samu kusan kashi 41 a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na 2022, to ka ga ba wasa ba ne. Sai ka gane raba addini da gwamnati da suke yi tun 1905, da shi suka hana ɗankwali a makarantun gwamnati a 2004, abaya kuma 2023, ni dai abin bai kwanta min ba wallahi. Kuma haihuwa a can ba ta ba yaro takardar ɗan ƙasa nan take in iyayensa baƙi ne, yawanci sai ya kai 18. Ka riƙa kunna RFI Hausa da safe.