Ga ƙannenmu masu tafiya Kanada: maganar itacen ɗumama gida

Tun da na zo gida hutun nan, kusan kullum bayan la'asar sai wani yaro ya same ni a majalisarmu ta Ƙofar Marusa, biza ta fito, yana tambayar rigar sanyi da kuɗin haya. Har yau babu wanda ya tambaye ni itace. In na ɗauko zancen sai su ce, "Haba Yaya, a can ma da icce ake girki?" Ba girki ba ne, ƙanena. Wanda zai zauna a bene cikin Toronto, gas ko lantarki zai ɗumama masa ɗaki, ba ruwansa da wannan rubutu. Amma da yawanmu ƙananan garuruwa aiki ko karatu ke kai mu, inda gida mai sauƙin haya kan zo da murhun ƙarfe a falo, bututun hayaƙinsa ya huda rufi. A yankin Ontariyo da nake, sanyin Janairu yakan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Hunturun Katsina da muke kuka da shi ƙanensa ne na bayan baya.

Faskare ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake sauke gungumen marke ko ƙirya ya san inda ake neman tsaga. Gatarinsu dai ya fi namu nauyi, bayansa kamar guduma. Ka ɗora gungumen a kan wani gungume, ka sa takalmi mai tauri da gilashin kare ido, shi ke nan.

Inda na sha wuya saye ne. Shekarata ta farko sai da Nuwamba ta kama na tuna da itace. Na ga talla a Facebook, mutumin ya ce busasshe ne, na biya kuɗin abin da suke kira kod ɗaya. Kod ma'auni ne tsayayye: itace jerarre mai tsawon ƙafa 8, tsayi ƙafa 4, faɗi ƙafa 4. Abin da ya juye mini a ƙofar gida, da na jera shi, sahu ɗaya ne tal na guntaye masu inci 16, wato kashi ɗaya bisa uku. Wannan shi suke kira fes kod, ni kuwa ban san da bambancin ba, shi kuma bai ga dalilin sanar da ni ba. Kafin ka biya, ka tambayi tsawo da tsayi da faɗi da bakinka, kuma ka kasance a gida ranar da za a kawo.

Ƙarancin ma da sauƙi. Itacen ɗanye ne shar. In na sa shi a wuta sai ya riƙa tsuwa, ruwa na kumfa ta bakinsa, gilashin murhu ya yi baƙi ƙirin, matata da yara suna cikin bargo da rana tsaka. A gida rana da iskar hunturu ke busar mana da itace cikin makonni, shi ya sa ba mu ɗauki abin da muhimmanci ba. A can itacen da aka faskara yana son wata shida zuwa shekara, mai tauri irin na bishiyar da suke kira oak kuwa har shekara biyu. Ruwan da ke cikinsa ya kamata ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Akwai 'yar na'ura mai tsinke biyu da ake auna wannan, ba ta da tsada. Ka faskara guda ɗaya, ka soka ta a cikin sabuwar tsagar. In babu, ka gwara biyu: busasshe ƙara yake yi rau, ɗanye kuwa dum.

Don itacen ya yi mini auki, sai na riƙa toshe hanyar iskar murhun, wuta na ci a hankali tana hayaƙi. Ashe wannan ne babbar ɓarna. Hayaƙin ɗanyen itace in ya huce a cikin bututu, kunkunniya yake zama mai danƙo kamar kwalta, ita ce kuma ke kamawa da wuta ta cinye gida. A Fabrairu mai gidan ya zo da mai share bututu, ya nuna mini abin da aka kankaro cikin bokiti, sannan ya miƙo mini takardar kuɗin aikin. Na duba yarjejeniyar haya daga farko har ƙarshe, babu layi ɗaya a kan murhu. Da baki ya ce mini in yi amfani da shi ranar da na karɓi makulli, ranar da ya kawo takardar kuɗin kuma ya ce bai tuna ba. Na biya, don ina tsoron a kore ni da iyali cikin dusar ƙanƙara. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci. Saboda haka kafin ka kunna ashana, a rubuta: an yarda ka yi amfani da murhun, wa zai biya sharar bututu ta kowace shekara, yaushe aka share shi na ƙarshe. Ka nemi ganin takardar binciken da suke kira WETT, wadda kamfanonin inshora kan nema. Kada kunyarmu ta Hausawa ta hana ka. Su ba sa ganin tambaya rashin ladabi ne. Sannan a Ontariyo, tun 2014 doka ta wajabta na'urar ƙararrawa ta gano iskar guba marar wari kusa da ɗakin kwana, kuma mai gida ne zai sa ta. Iskar nan ita ce dai wadda ke kashe mutane a nan gida in an kwana da kaskon garwashi ko janareta a rufaffen ɗaki.

Jera itace kuma, kada ya taɓa ƙasa, ka shimfiɗa katako tukuna. Ka zaɓi inda rana da iska ke samu, nesa da bangon gida saboda ƙwari da ɓeraye. Sama kawai za ka rufe. Na sha ganin sabon zuwa ya nannaɗe tarin gaba ɗaya da tamfol kamar buhunan gero, bayan wata uku ya buɗe ya tarar da fumfuna. Toka kuma a bokitin ƙarfe mai murfi, a waje, domin garwashi yakan kwana biyu ko uku da ransa a cikinta.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu neman na banza. Wani ya kwaso katako mai fenti daga bola, hayaƙinsa guba. Wani ya ciko mota da itace daga gari mai nisa, bai san cewa tun da aka gano wani koren ƙwaro mai kashe bishiyar ash a garin Windsor na Ontariyo a 2002 ake taƙaita safarar itacen wuta daga yanki zuwa yanki ba, har tara ake ci. Ka saya kusa da inda za ka ƙona.

Mu 'yan Katsina da Daura da ke can, a watan Mayu muke haɗa kuɗi mu sayi gungume mota guda, ɗanye, da araha. Ranar Asabar a yi gayya, maza na faskare, yara na jera, mata sun kawo masa da fura, har maƙwabta Turawa kan tsaya su yi kallo. Wanda ya sauka a Satumba ba shi da rabo a tarin, amma mukan ɗebar masa daga na bara, in dai ya kira mu kafin ya biya wani kuɗi.