Kafin ku bar shago da sabuwar waya

Jama'a, don Allah in kun sayi waya kada ku fita sai da rasit da katin garanti mai kwanan wata. Ku ɗauki hoton rasit ɗin nan take. Irin mai santsin nan da na'ura ke fitarwa, zafi na cinye rubutunsa. Na taɓa ciro nawa bayan 'yan watanni na tarar da farar takarda fes, mai shagon kuwa ya ce bai san zancen ba. Abin ya ƙona min rai.

Ku danna *#06# a sabuwar wayar a gaban mai shagon. Lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai alƙaluma 15 za ta fito, ku gwada da ta jikin kwali da ta katin. In sun saɓa, garantin ba na wayarku ba ne.

In ta samu matsala, kar ku fara kai wa mai gyara ya buɗe, kamfanoni kan fake da haka su janye garanti. Ku koma wa mai shagon, ku aika masa ƙorafinku a rubuce. Wannan "ba a dawo da kaya" da ake mannawa a bango, a ƙasashe da dama bai soke haƙƙin wanda aka sayar wa kaya mai aibi ba.