Yadda Za Ka Furta Zunubinka Kafin Jibin Ubangiji

'Yan'uwa da dama sun yi ta tambayata yadda za su furta zunubinsu kafin Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo a coci don tunawa da mutuwar Yesu. Ga yadda za ka bi:

1. Ka keɓe kanka tun daren Asabar.
2. Ka kashe wayarka.
3. Ka karanta Zabura 51 a hankali.
4. Ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya tuna maka inda ka kauce.
5. Ka ambaci kowane zunubi da sunansa: ƙarya, gulma, cin amana, fushi.

Hattara! A nan mutane suka fi tuntuɓe. "Ya Ubangiji, in na yi laifi ka gafarta mini" kwana-kwana ne kawai. Haka kuma kada ka shigo da laifin matarka ko maƙwabcinka. Naka aka tambaye ka.

6. Ka roƙi gafara cikin sunan Yesu.
7. Ka nemi wanda ka ɓata wa rai ku shirya, kamar yadda Matiyu 5:23-24 ya umarta.
8. Ka mayar da abin da ka ci na wani. Zakka ma, mai karɓar harajin nan da ya tuba a gaban Yesu, ninki huɗu ya yi alkawarin biya.
9. Ka gode wa Allah bisa alkawarin 1 Yohanna 1:9, sannan ka kwanta.