Kurakuran da ake tafkawa idan ƙiba ta fara dawowa

Na gaji da jin magana ɗaya daga bakin mutane daban-daban. Mutum ya shafe wata shida yana fama, ya sauke kilo takwas, kayan sawarsa sun fara yi masa yawa, sai wani abu ya gitta. Ko tafiya ta kama shi, ko ya kwanta rashin lafiya, ko jinyar wani nasa ta ɗauke masa hankali, ko aiki ya yi masa rubdugu. Cikin mako biyu zuwa uku tsarin ya wargaje. Ranar da ya hau sikeli ya ga kilo uku sun dawo, sai ka ji ya ce, "Ni dai jikina ba ya jin magana, duk wahalar da na sha ta tashi a banza." In ka zauna da shi kuka bi abin daki-daki, za ka tarar ɓarnar waɗancan makonni ukun kaɗan ce. Abin da ya aikata bayan ya sauko daga kan sikelin shi ne ya rusa masa aikin wata shida.

Tun kafin a ƙarasa maganar nake gane inda aka dosa, domin ni ma na bi ta wannan hanyar, kuma ta ci mini kusan shekara guda.

Kuskuren da ya fi kowanne yi mini illa shi ne horar da kai da yunwa. Na taɓa sauke kilo 14 a cikin wata tara, a hankali, ba tare da wata dabara ta musamman ba. Sai tafiyar aiki ta kwana goma ta taso. Abin da aka ajiye mini shi nake ci, barci ba ya isata, tattakin da na saba yi kowace safiya ya tsaya. Washegarin dawowata na hau sikeli, na ga ƙarin kilo uku. Gabana ya faɗi. A nan tsaye na yanke wa kaina hukunci: daga yau sau ɗaya zan riƙa ci a rana, shi ma ɗan kaɗan, har sai kilo ukun nan sun koma inda suka fito. Kwana uku na jure, kaina na sarawa, ina yi wa mutanen gida faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. A dare na huɗu, wajen ƙarfe ɗaya, na tsinci kaina a gaban firji, ko fitila ban kunna ba, hasken cikinsa kawai, ina cin ragowar abinci da sanyinsa, a tsaye. Ban daina ba sai da cikina ya yi nauyin da kwanciya ma ta gagare ni. Da gari ya waye, kunya da haushi suka sa na ƙara tsananta hukuncin. Haka na yi ta kai-komo tsakanin yunwa da haɗama har mako biyar, kuma a ƙarshensu nauyina ya haura na ranar da na dawo daga tafiya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya fi ƙona mini rai daga baya shi ne gane cewa yawancin kilo ukun nan ba kitse ba ne tun farko. Yi lissafin da kanka. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 7,700. Kafin mutum ya tara kilo uku na kitse zalla a kwana goma, sai ya ci rarar kalori sama da 2,000 kowace rana a kan abin da jikinsa ke ƙonawa, wato kusan ya ninka abincinsa kullum ba fashi. Ban yi haka ba, kuma mafi yawan masu kukan nan ba su yi ba. Ruwa ne yake fara dawowa. Jiki yana adana sukari a hanta da tsoka, ana kiran ajiyar gilaikojin, takan kai kusan rabin kilo idan ta cika, kuma kowane giram nata yana riƙe da ruwa kamar giram uku. Wanda ya daɗe yana rage ci, ajiyarsa a rage take. Da zarar ya koma cin abinci mai sitaci sosai sai ta cika, ta jawo ruwanta. Ga gishiri, shi ma yana riƙe ruwa. Ga abincin da bai gama wucewa ta hanji ba. Ga mata kuma akwai kwanakin da ke gab da al'ada. Da a ce na koma cin abincina na kullum na yi haƙurin mako guda, da mafi yawansa ya zube da kansa.

Ita kuwa yunwa, ba a yi mata taurin kai a ci riba. Daga 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Ancel Keys ya gudanar da gwaji a kan maza 36 lafiyayyu waɗanda suka amince da kansu. An rage musu abinci zuwa kusan rabi na tsawon mako 24, suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Mutanen da a da ba ruwansu da zancen abinci suka koma ba su da hira sai tasa, wasu har tara littattafan girki suke yi, ga saurin fushi. Da aka sakar musu mara, da yawansu suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa, ciki ya cika amma hannu ya ƙi tsayawa. Lokacin da na karanta labarinsu, daren firjin nan na tuna. A 2011 kuma masu bincike a Melbourne ta Ostireliya suka bi mutanen da suka rage nauyi cikin mako goma, suka tarar ko bayan shekara guda sinadarin girelin mai tayar da yunwa yana sama da yadda yake a da, leftin mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya kuma yana ƙasa. Ke nan duk wanda ya riga ya sauke kilo masu yawa, jikinsa dama a shirye yake ya nemi abinci. Ka ɗora masa yunwar horo a kai, ka zuba wa wuta fetur.

Yanzu idan na kauce, abincin da ke biye nake ci a kan lokacinsa, a farantin da na saba, gwargwadon da na saba, kuma a zaune. Ba na tsallake karin kumallo don in biya bashin daren jiya. Ina tabbatar da akwai furotin, wato abinci mai gina jiki, da ganye a ciki, domin su suka fi riƙe mini ciki. Wasu suna ganin gara a ɗan ƙara ragewa na kwana biyu don a cike giɓi. Ni na gwada, ta kai ni inda na faɗa muku, ba na sake yi.

Kuskure na biyu ƙanin na farko ne, kuma shi ya ƙarasa ni. Bayan makonni biyar ɗin nan na gaji, na sa ƙafa na tura sikelin ƙarƙashin gado. Na ce wa kaina zan huta da ganin lamba, in na natsu zan dawo. Wata bakwai yana can. A cikin watannin nan na matsar da bel ɗina huda ɗaya, na sake matsarwa, na sayi wando mafi girma ina cewa ɗinkin wancan ne bai yi ba, in an zo ɗaukar hoto in koma baya. Duk na san abin da ke faruwa, ƙin tabbatarwa kawai nake yi. Ranar da na jawo shi na share ƙurar da ke kansa, kilo 11 daga cikin 14 sun dawo. Waɗannan kam kitse ne.

Haba ɗan'uwa, haba 'yar'uwa! Wane ne ya gaya muku ƙin dubawa yana tsayar da abu? Kilo biyu ana gyara su cikin 'yan makonni ba tare da an ji jiki ba. Kilo goma sai an sake ɗaura ɗamara daga farko. A Amurka akwai rajistar da Rena Wing da James Hill suka kafa a 1994, wadda ke bin mutanen da suka sauke aƙalla kilo 13 da ɗoriya kuma suka riƙe haka shekara guda ko fiye. Kusan uku cikin huɗu na mutanen nan suna auna kansu aƙalla sau ɗaya a mako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni kowace safiya nake hawa, bayan na fito daga bayi, kafin in sa komai a baki, in rubuta a ɗan littafin da ke gefen gado. Awon rana ɗaya ba ya tayar mini da hankali, domin nauyin mutum yakan yi sama da ƙasa da kilo ɗaya zuwa biyu a tsakanin kwanaki. Sai na tara na kwana bakwai nake raba su in ga matsakaici. In matsakaicin ya haura da kilo biyu kuma ya zauna haka mako biyu, sai in koma rubuta duk abin da na ci, har da loma ɗaya da na ɗanɗana a tsaye. Wanda awon kullum ke jefa shi cikin damuwa ya yi sau ɗaya a mako, amma ya tsayar da rana.

Tushen ɓoye sikelin shi ne maganar nan ta "tunda ta ɓaci, bari ta ƙarasa ɓaci". Ita ce ke mayar da cin dare ɗaya ya zama cin mako guda. A 1975 masu bincike biyu, Herman da Mack, suka ba wasu ɗalibai mata wani abin sha mai kauri na madara da zaƙi, sannan suka ajiye musu askirim wai su ɗanɗana. Waɗanda ba sa takura wa kansu a kan abinci, da suka sha madarar sai suka rage cin askirim, kamar yadda hankali zai ɗauka. Masu takura wa kansu kuwa, da suka ga dokarsu ta riga ta karye, sai suka ci fiye da 'yan'uwansu da ba a ba madarar ba. Don Allah in mai ya ɗiga a rigarka, wankewa kake yi ko sauran kake juyewa a kanta? Kuma ku daina zagin kanku, yana ƙara muku ci ne. A 2007 masu bincike Adams da Leary suka ba wasu ɗalibai mata abin zaƙi suka ci, suka ce wa wasu daga cikinsu kada su tsananta wa kansu, kowa yakan ci irin wannan wani lokaci. A cikin masu takura wa kansu, waɗanda aka rarrasa sun ci alewa kaɗan daga baya a kan waɗanda aka bari da zargin kai.

Masu cewa "sai Litinin" ko "sai farkon wata" ma nan suka faɗo. Daga Laraba zuwa Litinin kwana biyar ne na ci da sunan bankwana. Binciken da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan a kan yadda ɗabi'a ke kafuwa ya nuna fashin rana ɗaya ba ya rusa ta. Jeren fashi ne abin tsoro.

Sauran kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Shayin rage teɓa da ake tallatawa a intanet, da yawansu maganin sa zawo ne a ciki, ruwan jikinka kake zubarwa kitsen yana nan. Wanda ya yi wata bai motsa ba ya tashi rana ɗaya ya yi gudun awa biyu don ramuwa, gwiwa ko idon sawu zai kwantar da shi wani watan. Fara da rabin abin da ka saba, ka hau a hankali zuwa minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin mafi ƙaranci, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Lemon kwalba da shayi mai sukari suna shiga ba a lissafa su, kuma sau da yawa su ne suka fara dawowa a ɓoye. Kada ka sa ran saukar kilo uku a mako kamar farkon farawarka, rabin kilo zuwa ɗaya ya isa.

Barci zan ɗan tsaya a kansa, domin mutane suna raina shi. A wani gwaji da aka wallafa a 2004 daga Jami'ar Chicago, samari 12 da aka taƙaita wa barci zuwa awa huɗu na dare biyu kacal, girelin ɗinsu ya hau, leftin ya sauka, kwaɗayin zaƙi da sitaci ya ƙaru. Duk lokacin da tsarina ya watse, kafin in taɓa faranti lokacin kwanciya nake fara gyarawa, in ajiye waya nesa da gado.

Akwai kuma waɗanda suke ta dukan kansu alhali matsalar ba daga faranti take ba. Ruwa ba ya tsami banza. Magunguna irin su firedinisolon, insulin da wasu magungunan ciwon damuwa suna iya ƙara nauyi, haka ma raunin aikin ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod. Masu allurar rage ƙiba ta semaglutide da suka daina, binciken da aka wallafa a 2022 ya nuna sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke a cikin shekara guda, don haka dainawa abu ne da ake tsarawa da likita. In nauyi ya hau da sauri tare da kumburin ƙafa ko sarƙewar numfashi, wannan na asibiti ne a ranar, ba na rage abinci ba. In kuma ci ba tsayawa a ɓoye ya zama maka jiki, ko kana sa kanka amai bayan ci, ka faɗa wa likita yadda abin yake ba tare da ragewa ba, ana magance shi. Kada ka tsayar da wani magani da kanka saboda sikeli. Ka tafi da littafin awonka da kwalayen duk magungunan da kake sha, ka ajiye su a kan teburinsa ya duba.