Injekta na yoyo: kurakuran da na gaji da gani a garaji

Tsofaffin Corolla da Carina da suka cika titunan Yamai, balle taksi masu jan kai, da yawansu sun haura shekara 20 suna aiki. Injektocinsu, wato masu fesa isansi cikin inji, sun sha zafi, sun sha ƙura, sun sha isansin kwalba na bakin hanya. Yoyo a irin wannan mota ba abin mamaki ba ne. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yaran garaji da ke taɓa aikin ba tare da sun san inda yoyon yake ba.

Mota ta ƙi tashi bayan ta tsaya rabin awa da zafinta, ta tashi da ƙyar tana baƙin hayaƙi, sai yaro ya ce wa mai ita: "Alhaji, injekta ne, duka huɗun, sai an je kasuwar Katako." Wa ya gaya maka? Yoyo iri biyu ne. Akwai na waje, inda robar sama ta bushe ko jikin injekta ya tsage, ka ga jiƙa a kan inji, ka ji wari da buɗe kapo. Akwai na ciki, inda allurar da ke cikin injekta ba ta rufewa, isansi na ɗiga cikin silinda bayan an kashe mota. Ni na fi fara kwance buji: wanda ya fito baƙi jiƙe, silindarsa nake zargi. Daga nan sai in zare siririn tiyon iska na ragulata, mai daidaita ƙarfin isansi. In na ga isansi a cikinsa, fatar ragulatar ce ta yage, injekta ba ruwansa. Sai bayan haka nake ɗaga rampu, wato bututun da ke raba wa injektoci isansi, da injektocin ɗaure a jikinsa, in shimfiɗa takarda ƙarƙashi, in sa famfon isansi ya yi aiki inji a kashe. A tsofaffin Toyota ana haɗa bakunan waya masu alamar +B da FP a ɗan akwatin gwaji da ke cikin kapo, don famfon ya yi aiki. Injektan da ya wuce ɗigo ɗaya a minti, shi kaɗai za a wanke ko a canza.

Yanzu ga wanda ya ci mini kuɗi, kuma har gobe ba na yafe shi: mayar da tsohuwar roba. Robar da ta shekara goma tana gasuwa, in ta fita daga mazauninta ta gama aiki. Wani yarona ya mayar da ita a motar wani ɗan taksi, ya tura injektan da ƙarfi a bushe, gefenta ya yanke, bai kuma tsaya duba yoyo ba ya rufe kapo. Rampu na riƙe da ƙarfin matsi da ya kai wajen bar 3, don haka isansin feshi ya yi a kan inji mai zafi. Allah ya kiyaye rai, amma wayoyin kapo duka sun ƙone, kuma ni na biya, har da kuɗin kwanakin da bawan Allah bai fita nema ba. Ku ji ni da kyau, samari: roba sabuwa, kuma wadda aka yi don isansi. Ta famfon ruwa da kuke tsinta a kasuwa kumbura take yi ta narke. Silikon kuma kada ya kusanci wurin, gutsurensa ne ke toshe ƙaramin matacin injekta. Wasu da isansi suke jiƙa robar, ni ɗigon man inji mai tsabta nake shafa mata, in murza injektan a hankali har ya zauna. In ya zauna daidai zai juya da yatsa. In ya ƙi juyawa, robar ta naɗe, a fitar a sake. Sannan a sa famfo ya yi aiki, a goga busasshen tsumma a kowane baki kafin a tayar da inji.

Na biyu da ke kashe inji a ɓoye shi ne gyara injekta a bar tsohon man inji. Isansin da ya yi makonni yana ɗiga ina kuke zaton ya tafi? Ya wanke bangon silinda, ya gangara ƙasa, ya tsinka man. Zare sandar awon mai ka shinshina. In tana warin isansi, ko man ya haura alama ba wanda ya ƙara, bidanj, wato canjin man inji, ya zama dole, da filtarsa, a ranar. Masu mota na ƙin wannan saboda kuɗi, na sani, amma na ga injin da ya fara ƙwanƙwasa bayan an ƙi ji, kuma garajina aka ɗora wa laifi. In silinda ta cika da isansi har inji ya cije, kada a matsa wa makulli, sandar fistan na iya lanƙwashewa. A kwance buji, a cire fizibil na famfo da wayar bobin, sannan a juya.

Kafin kwance rampu, cire fizibil na famfo, bar inji ya mutu da kansa, cire wayar batir ta baƙi. Taba sigari nesa da wurin. Kada a tsokaci bakin injekta da allura ko waya. Kada a ɗora shi kan batir a barshi, naɗin cikinsa ƙonewa yake, balle mai om 2 zuwa 4 a awon wutar naɗin. Na yawancin Corolla kusan om 14 ne, a auna kafin a sayo na hannu, don kamar jiki ba ta nufin feshi ɗaya. Maganin da ake zubawa a tanki yana rage datti, ba ya ɗinke roba. A canza filtar isansi tare da aikin.

Masu gazuwal kuwa, injin zamani na tura mai da ƙarfin da ya haura bar 1000, yana huda fata. Ba a neman yoyonsa da hannu, kuma wasar jan ƙarfe da ke ƙarƙashin injekta sabuwa ake sawa duk lokacin da aka kwance.