Yadda Mai Kula da Sabobi Zai Zaɓi Satifiket Don Komawa Tsaron Bayanai

Idan ka yi shekaru kana buɗe wa ma'aikata asusu a Active Directory (manhajar Microsoft ta kula da asusun ma'aikata), kana rufe na wanda ya bar aiki, kana kwana wajen sabunta sabar Linux (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima), to ka riga ka sa ƙafa a harkar tsaro. Abin da ya rage shi ne takardar da za ta gamsar da mai ɗaukar aiki. Da dala ake biyan kuɗin jarrabawar nan, don haka zaɓen tumun dare yana da tsada.

Da farko, tsayar da aikin da kake nema kafin ka tsayar da satifiket. Tara tallace-tallacen guraben aiki na bankuna da kamfanonin sadarwa, ka duba sunan da ke yawan fitowa. Tsaron bayanai gida ne mai ɗakuna: akwai masu gadin cibiya suna bibiyar alamun kutse, akwai masu gwada kutsen da izini, akwai masu binciken bin ƙa'ida.

Na biyu, kafa tushe. Jarrabawar Security+ ta ƙungiyar CompTIA ita ce ƙofar da aka fi bi: tambayoyi ba su wuce 90 ba, cikin minti 90, ana neman maki 750 cikin 900. Amma kada ka raina takardar SSCP ta ƙungiyar ISC2. Ƙwarewar shekara ɗaya take buƙata, kuma an tsara ta ne don masu aiki da hannu irinka. Ɗaya ta isa.

Na uku, bi ɗakin da ka zaɓa, kuma nan ne ake yawan ɓata kuɗi. Mai son gadin cibiya ya nufi CySA+, ko SC-200 idan ma'aikatarsa da Sentinel da Defender, manhajojin tsaro na Microsoft, take aiki. Wannan ita ce hanya mafi kusa gare ka, domin wanda ya saba karanta rajistar saba shi zai fara lura cewa wani asusu ya shiga da ƙarfe uku na dare daga ƙasar da mai shi bai taɓa zuwa ba. Mai son gwajin kutse kuwa ya sani cewa CEH tambayoyin zaɓi ne guda 125, tana taimakawa wajen tsallake tacewar ofishin ɗaukar ma'aikata, amma OSCP ta OffSec ce ke nuna ka iya. A can za a ba ka kusan awa 24 ka fasa na'urori, sannan wasu awa 24 ka rubuta rahoto. Ni dai ba na ba kowa shawarar biyan kuɗin OSCP sai ya yi watanni yana atisaye da Kali Linux (Linux mai kayan gwajin kutse) a shafukan atisaye na TryHackMe ko Hack The Box. Mai sha'awar binciken bin ƙa'ida sai ya duba CISA ta ISACA, wadda bankuna ke daraja ta.

Na huɗu, yi haƙuri da CISSP, babbar takardar ISC2. Tana neman ƙwarewar shekara 5 a aƙalla fannoni biyu cikin takwas, digiri ko wata takardar da aka amince da ita na rage shekara ɗaya. Albishirinka, aikin kula da izinin shiga da tsaron hanyar sadarwa da kake yi yanzu yana iya shiga lissafi. Fara rubuta ayyukan nan da kwanan wata tun yau, domin sai wani mai takardar ISC2, ko ISC2 da kanta, ya tsaya maka kafin a ba ka.

Daga ƙarshe, lissafa kuɗin riƙo. Security+ da CISSP duk bayan shekara uku ake sabunta su, ISC2 kuma tana karɓar kuɗin shekara-shekara. Kafin ka taɓa aljihunka, tambayi shugabanka ko akwai kason horaswa. Tunda Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfanoni nauyin tsare bayanan jama'a, kana da hujjar da za ka kai masa.