Yadda ake duba Porsche 928 kafin a biya kuɗinta

A shekarar 1977 kamfanin Porsche na Jamus ya fito da 928, da niyyar ta gaji motarsa mai suna 911. Ba ta gaje ta ba, amma an yi ta ƙera ta har zuwa 1995, guda wajen 61,000. Mota ce ta doguwar tafiya: injin V8 mai silinda takwas a gaba, giyabos a baya don nauyi ya rabu kusan daidai, kujeru huɗu, da but mai buɗewa sama har da gilashinsa. In aka kwantar da kujerun baya sai ta ɗauki kayan mutum biyu na tafiyar mako guda. A 1978 ta ci kyautar motar shekara ta Turai, abin da motocin gudu ba su saba samu ba.

Injin nan yana da ƙarko ƙwarai. Abin da ke kashe shi sakaci ne, kuma a wurare sanannu. Don haka kada ƙyallin fenti ya ɗauke maka hankali: ƙofofi da bonet da gefunan gaba na alminiyom ne, sauran bodin ƙarfe ne da aka yi wa rufin hana tsatsa, shi ya sa ko motar da ta lalace a ciki takan yi kyau a ido.

Fara da sanin wacce ke gabanka. Ta farko lita 4.5 ce mai ƙarfin doki 240 a kasuwar Turai. Sai 928 S mai lita 4.7. S4 ta 1987 lita 5.0 ce, bawul 32, doki 320. Ta ƙarshe, GTS, lita 5.4, doki 350, kuma an san ta da shan baƙin mai. Ga mai son ya riƙa hawa ba wai ya ajiye a gareji ba, S4 ta fi dacewa, sai dai ita ce kuma ta fi buƙatar binciken da ke tafe.

Taimin bel shi ne tambayar farko. Doguwa ce, ta kai wajen mita biyu, kuma ita ke juya kamshaf da famfon ruwa da famfon baƙin mai. A injin bawul 32, in ta tsinke ko ta tsallake haƙora, fistin zai bugi bawul, aiki ya koma na sauke kan inji. Nemi rasit mai kwanan wata. In babu, ko an wuce shekara biyar, ɗauka cewa ba a canza ba, ka cire kuɗin aikin daga farashi. Ana canza ta tare da famfon ruwa da ƙananan tayoyin da take bi, a duba haƙoran giyar kamshaf ko sun side, a sake roba da man abin da ke ɗaure ta. Famfon ruwa mai farfelar roba ya fi aminci, domin mai ta ƙarfe in boris ɗinsa ya saki yakan ci jikin injin. Kafin a zare bel a injin bawul 32, dole bakanike ya tsayar da karanshaf a alamar digiri 45, inda babu fistin da ke kusa da bawul. Bayan kimanin kilomita 2,500 a koma a sake auna ɗaurinta. A injin bawul 32 akwai fitilar gargaɗin sakin bel a dashbod, amma ba ta fara aiki sai bayan minti uku da tayar da mota, kuma wasu masu sayarwa kan haɗe wayarta don ta yi shiru.

Abu na biyu ya fi tsada, kuma bakaniken da bai san motar ba ba zai neme shi ba. Yawancin 928 otomatik ne, da giyabos na Mercedes-Benz. A masu otomatik ɗin, tsakanin inji da giyabos akwai doguwar sanda da ke juyawa cikin bututu, an damƙe bakinta na gaba da maɗauri a jikin wani faranti mai lanƙwasuwa a bayan inji. Duk lokacin da aka taka totur da ƙarfi sandar na murɗewa ta ɗan gajarce, ta zame kaɗan daga maɗaurin, in ta saki kuma ba ta komawa inda take. Sannu a hankali sai ta riƙa tura karanshaf gaba, metal ɗin da ke hana shi motsi gaba da baya ya cinye, daga nan karanshaf ya fara cin bulo ɗin injin. In abin ya kai nan, sai dai a nemi wani inji. An fi ganin wannan daga S4 zuwa sama.

Ga yadda ake dubawa. A ɗaga mota, a cire murfin ƙasa da ke bayan inji. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kan farantin: in ya lanƙwasa zuwa wajen inji, akwai matsi. A kwance kusar maɗaurin a ga nawa zai ja da baya. Sannan a kafa agogon awo a jikin filawil, a tura karanshaf gaba da baya da ƙarfen banƙara. Motsinsa a sabon inji yana tsakanin milimita 0.11 da 0.31, iyakar da aka yarda da ita 0.40. Abin da ya haura haka, bar motar ko da nawa aka sallama. In awon ya yi kyau, a sa sabuwar kusa, a ɗaure ta a 80 Nm da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, a ɗiga fenti a inda sandar ta haɗu da maɗaurin don a riƙa ganin ko ta motsa, a duba duk shekara. Motar da ke tashi lafiya da safe amma in ta yi zafi ta riƙa mutuwa a tsaye ko ta yi nauyin tashi, a zarge ta da wannan ciwo, a yanka filtar baƙin mai a nemi garin ƙarfe.

Sai tiyon fetur da ke saman inji da bayansa. Roba ce da ta shekara talatin ko fiye cikin zafi, kuma ita ce sanadin gobarar motocin nan da dama. Ba a jiran ta tsage, canzawa ake yi gaba ɗaya. Haka tiyon man sitiyari da ke ɗiga kusa da salansa.

Wayarin yana ba mutane tsoro fiye da kima. Allon fis da rile yana ƙarƙashin katakon da fasinjan gaba ke ɗora ƙafa. Ɗaga shi ka duba: alamar ruwa, koren tsatsa, ko wayoyin da aka yanka aka naɗe da salatif. Ruwan sama kan shigo ta wajen fankar iska ya sauka daidai nan. Yawancin fitilun da ke kamawa ba dalili, goge wuraren da aka ɗaure wayar at (earth) a jikin bodi ke magance su. Batir yana can baya, ƙarƙashin safaya taya. A S4 da na bayanta ƙwaƙwalwar da ke raba fetur takan mutu don tsufa, amma ana gyara ta.

Leƙa ƙasa ka ga ko kaskon mai ya sauko ya kusa zama a kan ƙarfen da ke gicciye: alamar robobin da ke riƙe inji sun kwanta ke nan, kuma da su da gasket ɗin kaskon aiki ɗaya ne. Ruwan lagireto kuwa ba a zuba na famfo zalla. Injin alminiyom ne, in ba a canza ruwan da maganinsa duk shekara biyu ba, gasket ɗin kan inji na ruɓewa. A ƙasa mai zafi baƙin mai mai kauri, 20W-50, shi ya dace, kimanin lita 7.5 har da filta.

Gwajin tuƙi ya zo a ƙarshe, kuma kada ya gaza minti talatin, don inji ya yi zafi sosai. Kashe rediyo ka saurari ƙugi daga ƙarƙashin tsakiyar mota, wanda ke nuna boris ɗin bututun sandar ya gaji. Da ka tsaya, kashe ta ka sake tayarwa nan take, ka ji ko kik ɗin ya yi nauyi.